Kunyar 'Yar Fari

Likitar ta juya takardar ta fuskanci Mahfuza. Ruwan da aka zuƙo daga nononta na hagu ya nuna sankara, amma ba irin ta da ba. Wannan a jikin robar take tsirowa, robar da aka sa mata shekara tara da suka wuce bayan an yanke nonuwan biyu. Ba kasafai ake ganinta ba, in ji likitar, sai dai roba mai kaushin baya ta fi jawo ta, kuma alamu na nuna matan da suka gaji lahani irin na Mahfuza a jininsu sun fi shiga haɗarin. Za a cire robar da tantanin da ya lulluɓe ta, yawanci ana warkewa.

Sannan ta tambaye ta ko tana da 'ya mace. Idan akwai, a gwada ta, kuma ta san wannan labari kafin wani likita ya ba ta shawarar sa roba.

Akwai. A'i ce, 'yar farinta, mai shekara talatin da ɗaya, ma'aikaciyar jinya a Kano. Kwananta huɗu a nan Dubai, inda Mahfuza ke kasuwanci, ta zo sarin abaya. Mahfuza ba ta taɓa kiran sunanta ba. Tun yaye kakarta ta ɗauke ta, ta tashi tana ce wa uwarta Yaya. Duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin wani take bi: a ce wa yarinyar nan kaza, a tambayi waccan ko ta ci abinci. Lokacin aikin yankan ma cewa aka yi wa mutanen gida Mahfuza ta tsaya jiran kwantenar kaya. Mijinta kaɗai ya sani, shi kuma ya rasu. Kakar ma, Hajiya mahaifiyar Mahfuza, ta rasu.

A cikin bas zuwa masaukinta a unguwar Al Buteen ta yi ta neman wanda za ta aika. Ƙanwarta Umma ce ta zo mata a rai, amma abin da Umma ta ji da safe, Fagge ta ji kafin azahar. Ta tambayi kanta ko kunyar da ake yabon ta a kanta tarbiyya ce, ko kuwa mafaka ce ta samu ta shige shekara da shekaru.

Ta tarar da A'i a ɗaki tana ninke abayoyi, tana mitar mai shagon da ya ce mata khalas, wato shi ke nan, tun ba ta gama zaɓe ba. Mahfuza ta zauna a bakin gado ta ba ta baya, ta fuskanci taga.

"Ke."

"Na'am, Yaya."

Mahfuza ta soma da cewa akwai wata mata. Ta ba da labarin matar tun daga yanka har zuwa kumburin da ya sa rigarta ta matse a gefe ɗaya. Da ta zo kan takardar yau, sai ta ji kanta tana cewa "ni". Ba ta gyara ba. Ta ce a je a yi gwaji, kuma ko wane likita ya kawo zancen roba, kada a yarda.

Motsin leda ya tsaya a bayanta.

"Yaya, kin tuna kwas ɗin da na je Alƙahira, shekara uku ke nan?"

Mahfuza ta gyaɗa kai, tana fuskantar tagar.

"Ba kwas ba ne. Da Hajiya ta rasu da ciwon nan na yi gwajin. Ina da lahanin a jinina. Na sa aka cire nonuwan tun kafin ciwon ya zo, aka sa mini robar." Muryarta ta yi ƙasa. "Na rasa ta bakin wa zan aiko miki."

Mahfuza ta juyo. Ta dubi ƙirjin 'yarta, ta ɗauke kai, sannan ta tilasta wa kanta ta sake duba.

"Wace iri aka sa miki? Mai kaushi ko mai santsi?"

"Ban tambaya ba."

Mahfuza ta ɗauki waya ta kira asibitin. Ta ce wa mai amsawa a ƙara mutum ɗaya a layin ganin likita na gobe, tare za su zo.