Hoton Kalilu

Tun a bakin ƙofa Malam Rabe, wanda ya shirya wasan, ya tare ni.

"Ishaku, ban da walƙiyar nan taku ta masu hoto. Bara wani ya haska ta, mata sunka ɗauka wutar bindiga ce, har anka taka wata tsohuwa."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ni dama filasha ba ta burge ni. Fuskar mutum sai ta yi ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa, bayansa kuma baƙi ƙirin. 'Yan koyo ne ke fama da ita.

Wasan na Maimuna ne, mawaƙiyar da ta tsallako daga Maraɗi da makaɗanta uku. Bayan la'asar aka sa shi, don yanzu a Jibiya ba mai son magariba ta riske shi a taro. Ɗakin tsohon siton hatsi ne, tagoginsa ƙanana can sama, sai ƙwan sola biyu da aka rataya saitin dandamali. Na buɗe idon kyamara iyakar buɗewarsa, na ƙara mata ƙarfin jan haske har hoto ya fara yin tsaki-tsaki, na jingina da ginshiƙi, na matse gwiwar hannuna a haƙarƙari. A irin wannan duhu kyamara takan ɗan jima kafin ta rufe ido, in ka motsa ko kaɗan hoton ya tashi aiki. Sai ka jira mawaƙiya ta ja baiti mai tsawo ta tsaya cak, ka riƙe numfashi, ka danna a hankali. Na samu kusan goma masu kyau, har ina yabon kaina a zuci.

Ana cikin waƙa ta huɗu wani dogo ya taso daga baya zai yi wa Maimuna liƙi. Farar shadda, hula a karkace. Yana shigowa ƙarƙashin ƙwan, na gan shi ta cikin kyamara, na ga tabon da ya raba masa girar hagu gida biyu.

Kalilu ne. Shekara biyu da suka wuce aka tare motarmu a hanyar Farfaru, na yi kwana goma sha tara a daji, shi ne mai gadinmu. Shi ke ɗaure mu, shi ke ɗora min bakin bindiga a wuya in ana waya da gida don su ji kukana. Da aka sako ni, jami'an tsaro suka ce in siffanta shi. Na ce dogo ne, siriri, da tabo a gira. Ɗayansu ya ajiye biro ya ce rabin kasuwa ke nan na faɗa, da dai hoto ne da an san inda za a fara.

To ga shi nan, taku biyar tsakaninmu, ga kyamara a hannuna. Da filasha ce dannawa ɗaya ta gama magana, amma duk ɗakin za a juyo, shi ma ya juyo. A duhun nan ba wanda ya san wa nake ɗauka. Hannuna ne kawai ya ƙi ba ni haɗin kai. Wallahi tsoro na ji, irin wanda ke sa fitsari ya matse ka. Na danna, hoton ya fito dishi-dishi. Na sake, ya fi na farko lalacewa, mutum ya zama farin hayaƙi. Gumi ya shiga min ido. Ni da ke yi wa 'yan koyo dariya, na kasa riƙe ƙarfe da bai kai nauyin mudun gero ba.

Sai na manna gefen kyamarar a jikin ginshiƙin, na danne ta da kumatu, na bar siminti ya yi min riƙon. Daidai nan Maimuna ta juya ta fara wasa shi. Wani ya raɗa mata suna, ta ɗaga murya, "Alhaji Kalilu mai alheri!" Ya tsaya ƙyam, ya ɗaga hannu, yana murmushi, haske ya sauka a fuskarsa. Na riƙe numfashi na danna.

Hoton ya fito tsaf. Tabon, haƙoran, har zaren hularsa ana iya ƙirgawa. Tunda nake ban taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba.

Na yi niyyar sulalewa, amma mutane sun cushe ƙofa. Ina neman hanya na ji an dafa min kafaɗa. Na san nauyin hannun tun kafin in waiga.

"Mai hoto, na ga kana ta fama da ni. Ya hita?"

Na nuna masa na farko, mai dishi-dishin, na ce duhu ya yi yawa. Ya karɓi kyamarar daga hannuna ba tare da ya cire igiyarta daga wuyana ba, sai da na sunkuyo. Ya matsa zuwa hoto na gaba, ya sake matsawa, ya tsaya a kan mai kyan. Ya daɗe yana kallo. Ina jira ya ce in goge, har na shirya cewa to.

"Wanga ya yi kyau," in ji shi. "Ka wanke mini. Ran Lahadi in na shigo kasuwa in biyo in amsa. Ba shagon bayan tasha ba, inda yayarka Jummai ke kawo maka abinci da rana? Ka gaishe ta, mun sha hira a waya."

Ya sakar min kyamarar, ya gyara min igiyar a wuya kamar wani ɗan'uwana. Malam Rabe na can yana ɗaga min hannu in zo in ɗauki makaɗa.

Na ce wa Kalilu to, Alhaji. Har na tambaye shi babba yake so ko ƙarami.