Shekarar da Baƙo Ya Hana Yasa

Garin Rijiyar Alamin, can ƙasar Tajaye, ba shi da wani abin taƙama sai rijiyarsa, kuma ita kaɗai ce. Zurfinta gaba ashirin da biyu, an ɗaure cikinta da itacen ƙirya tun daga baki har inda yashi ya ƙare. Alamin, kakan Baƙo, shi ya gina ta, saboda haka maganar rijiya tana hannun gidansu. Kowace shekara in an gama kai damma rumbu, Baƙo ke sa rana, samari su saro itace, Takama mai shiga rijiya ya zo daga Dogarawa bisa jakinsa. Kwana shida ake yi ana yasa, a fid da laka, a zare itacen da ya ruɓe a sa sabo. Tun da Baƙo ya yi wayo bai taɓa ganin an tsallake shekara ba, sai da shi ya tsallake da bakinsa.

Kada ma wani ya yi saurin zaginsa, don da kunnensa ya ji. Rediyo tana kan tabarma ranar da aka ce majalisa a Yamai ta ɗaga hannu kan kasafin shekara, a ciki har da famfunan karkara. Bayan mako biyu depite, ɗan majalisarsu, ya zo da motoci uku, ya nuna takarda mai tambari da sunan garin a jikinta. Wani mai hular kwano ya auna fili arewa da masallaci ya kafa turke. An yanka rago, liman ya ja fatiha aka shafa. To a wurin Baƙo magana ta ƙare kenan. Shi mutumin kasuwar dabbobi ne, ya san in mai saniya ya ce ya sallama aka shafa fatiha, ko ɗansa ne ya zo da ninkin kuɗin ba a tayar da ciniki. Balle manya ɗari da wani abu sun ɗaga hannu a gaban duniya.

Da Takama ya iso da igiyoyinsa, Baƙo ya tare shi da dariya, ya ce bana ya huta, gwamnati ta karɓe masa aiki. Takama bai yi dariya ba. Ya leƙa rijiyar, ya ce ɗaurin itacen gabas ya fara yin ciki, a bar shi ko kwana biyu ya yi. Baƙo ya ce don me za a jefa ran mutum cikin rami saboda ruwan da nan da wata uku ba mai shansa? Ya ba shi damin hatsi biyu na kunya ya sallame shi. Itacen da samari suka saro kuwa, da shi aka kafa rumfa kusa da turken, wai don ma'aikatan famfo su sami inuwa. Rumfa ta yi kyau ƙwarai, awakin gari sun ji daɗinta.

Sanyi ya zo ya wuce, samari suka watse cin rani, ba mota ba labarinta. Da bazara ta kama, mata suka fara cewa suna jin yashi na zuba in guga ya taɓa gefe. Ruwan ya koma ja. Zara, matar Baƙo, sai ta tace da ɗankwali sau biyu kafin ta dama fura. Rijiya mafi kusa tana wani gari, tafiyar rabin wuni a amalanken jaki, su ma can rabo suke yi. Tsoro ya shiga Baƙo sosai. Ranar da wani itace ya ɓalle ya faɗa ciki kowa ya ji ƙararsa, washegari ya shiga motar kasuwa zuwa Illela.

Ya sha rana a bakin buro uku, ofisoshin gwamnati, kowa na tura shi gaba, kafin a kai shi wurin wani sakatare, Maman Sani, yaro ne sa'ar ɗansa na biyu. Shi dai ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya jawo wata takarda mai kauri yana bi da yatsa. Ya daɗe yana bi. Sannan ya yi masa bayani a hankali, ya ce kuɗin da gwamnati ta sa ran samu ba su shigo ba, wasu buƙatu kuma sun taso, sai aka mai da kasafin gaban majalisa don gyara. A wurin gyaran an tsame ayyuka da yawa, famfunan karkara goma sha huɗu na cikinsu, har da nasu. Tun wata biyu da suka wuce aka yi.

Baƙo ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya ce, "Ɗana, ba an ɗaga hannu ba? Ni na jiya da kunnena."

"An ɗaga, Baba. Sun sake zama suka sake ɗagawa, wannan karon na sokewa."

"Su waɗanda sunka ce i?"

"Su ɗin dai. Doka ta ba su."

Baƙo ya ce ai an shafa fatiha. Maman Sani ya sunkuyar da kai, ya ce fatiha ba ta cikin takarda. Baƙo ya roƙe shi, wallahi ya roƙa, dattijo mai furfura ya zame daga kujera ya durƙusa a siminti yana cewa a duba ko sunansu ya tsira a wani shafi, ko a ba su buhun siminti goma su ɗaure rijiyar da kansu. Yaron ya tashe shi da kunya, ya ce shi ko fensir ba ya iya fitarwa daga layin da aka goge. Abin da ya iya yi shi ne ya kira masa depite a wayarsa. Depite ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, ya ce shi ma ransa ya ɓaci, amma jam'iyya ta ce a ɗaga hannu, ya za a yi? Ya ce baɗi in Allah ya yarda su ne na farko. Baƙo ya ce rijiyar ba za ta kai baɗi ba, ba za ta kai damina ba ma. Wayar ta yanke, ko an yanke ta, Allah masani.

Bai koma gida ba. Daga tasha ya nemi motar Malbaza, ya sauka ya ƙarasa Dogarawa bisa babur ɗin kabu-kabu, rawaninsa na warwarewa a hanya. Ya tarar da Takama yana tufka igiya a gindin bishiyar bedi. Bai tsaya kewaye-kewaye ba, ya ce ya zo ne ya ci tuwon da ya zubar. Takama ya kalle shi ya ce ina gwamnatin da ta karɓe masa aiki, ko ta gaji? Da ya ga idon Baƙo ya kawo ruwa sai ya bar tsiyar. Ya ce yasa aikin sanyi ne, lokacin da ƙasa ke riƙe da kanta, ba a shiga rijiyar yashi a bazara. Amma saboda shekara talatin da suke tare zai je ya gani.

Da hantsi suka iso washegari. Baƙo tun daga nesa yake lissafi a ransa: a rushe rumfar a kwashe itacen, tsofaffin da suka rage a gari su riƙe igiya, shi da kansa zai bi Takama ciki in ana so. Takama ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, ya haska da madubi, ya daɗe. Ya jefa tsakuwa ya kasa kunne, kuma ko bayan tsakuwar ta faɗa yashi bai daina zuba ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gabansa.

"Baƙo, ko ubana ne a ciki ba ni shiga. Ɗaurin gabas ya tahi, na yamma ke riƙe da shi. Ka hana jan ruwa tun yau, kada ta tahi da mutum."

Baƙo ya kama hannunsa ya ce ya faɗi abin da yake so, gona ce ko shanu biyun da suka rage masa. Takama ya zare hannunsa a hankali ya ce ba maganar lada ba ce.

Mata suna tsaye da jarkoki a layi, sun ji duk abin da aka faɗa. Ba wadda ta motsa, don randunan gidajensu babu ko ɗigo, rana kuma ta fara dukan ka. Baƙo ya juyo zai yi musu magana, bakin da ya kori Takama shi ne zai ce musu su koma gida haka nan, sai aka riga shi. Zara ce a gaban layi. Ta dube shi ta ce, "Malam, jikokinka tun jiya da la'asar ba su sha ba. Guda ɗaya dai."

Ya ce ta ja baya. Ya karɓi gugan daga hannunta, ya ce in za ta ci mutum to shi ta ci. Ya tsaya a gefen yamma ya zura igiya a hankali, yana kaffa-kaffa kada ta taɓa bango, har ya ji ta yi sako-sako. Ya jira. Da ya ja, nauyi ya amsa masa, nauyi sosai, har wata tsohuwa a baya ta ce alhamdu lillahi. Ya yi ta ja, gaba ashirin da biyu, Zara ta matso ta buɗe bakin jarkarta ta riƙe.

Guga ya fito cike har baki, yashi ne zalla, ko danshi bai yi ba.