Gwaji a Wayar Inna

Har yau Tela ake ce mata, ko da yake shekara guda ke nan da ta lulluɓe keken ɗinkinta da tsohon zane ta tura shi bayan ƙofa. Gwiwa ce ta ƙi, likita ya ce ta bar taka keke. Sai ta ari kwamfutar Yayanta, ta duƙufa koyon rubuta manhaja daga bidiyoyin intanet, da taurin kan nan nata da Inna ke kuka da shi tun tana goye.

Koyo kam ta koya, aikin ne ya ƙi samuwa. Ta nema wurin mutum talatin da wani abu a dandalin da ake ɗaukar masu aiki daga nesa, ko "mun gani" ba wanda ya ce mata. Ga shi Yaya ya riga ya faɗa mata cikin lalama cewa ƙarshen wata zai karɓi kwamfutar, 'yarsa za ta shiga jami'a.

"In aiki ya shigo hannunki, na bar miki ita, na nema wa yarinyar wata," in ji shi. "In ba haka ba, ƙanwata, sai haƙuri."

Saura kwana uku wata ya ƙare, wani mai shagon tabarau a wata ƙasa ya amsa. Mutum biyar ya ba gwaji: kowa ya gina shafin intanet inda masu matsalar ido za su zaɓi ranar da za su zo a duba su. Ƙarfe huɗu na yammar washegari zai rufe karɓa, mutum ɗaya zai ɗauka.

Washegari kafin ƙarfe biyu Tela ta gama. Shafi ya yi kyau, ranaku sun jeru reras, ga koren maɓalli a ƙasa. Har ta kai yatsa za ta aika, sai hannun ya tsaya. Shekara goma sha biyar tana ɗinki, ba ta taɓa ninke riga ta miƙa ba sai mai ita ta saka, ta ɗaga hannu, ta zauna, ta tashi.

"Inna! Zo da wayarki ki gwada mini wani abu."

Inna ta ajiye wankin da take ninkewa ta shigo tana mita. Wayarta tsohuwa ce, gilashin a tsage, an kuma ƙara mata girman rubutu har kalma uku ke cika fuskar wayar.

"To, ina zan taɓa?"

"Zaɓi rana, sai ki danna koren da ke ƙasa."

"Ni ban ga kore ba, ban ga shuɗi ba. Talata ma ta hau kan Laraba."

Tela ta karɓi wayar ta duba. Ranaku sun cakuɗe, maɓallin ya ɓace gaba ɗaya. Nan take ta gane laifinta: ta yanka wa kowane akwatin rubutu awo guda tsam, ba ta bar rara ba, kuskuren da ko ɗan koyo ba za ta yafe wa ba a shagonta. Kuma su wa ke zuwa shagon tabarau in ba irin su Inna ba?

Zuciya ta ce mata ta aika haka nan, ai mai shago sabuwar waya gare shi, ba zai lura ba. Ta ji tsoro ƙwarai, don awa biyu ba komai ba ce a irin wannan gyara. Amma ta ja kujera, ta fara farke aikin layi bayan layi.

Gwaji na biyu, maɓalli ya fito amma ya rufe Alhamis. Na uku, Inna ta danna Litinin wayar ta ba ta Talata, don babban yatsanta ya fi gurbin faɗi.

"Ke dai kin mai da ni mutum-mutumin shago," in ji Inna. "Da ma can haka kike tsayar da ni da allurai a jiki."

"Sau ɗaya ya rage, Inna."

"Haka kika ce ɗazu."

Huɗu saura kwata, Inna ta zaɓi Laraba, ta danna kore, wayar ta ce an karɓa. Tela ta ɗauki bidiyon yatsan nan yana yin abin daga farko, ta haɗa da aikin, ta rubuta: "Na gwada a wayar mahaifiyata, ba ta gani sosai." Ta aika saura minti huɗu.

Amsa ba ta zo ba sai washegari da hantsi. Mai shago ya ce da ya ga bidiyon, sai ya ari wayar mahaifinsa ya buɗe shafukan nan biyar. Nata ne kawai tsohon ya iya kaiwa ƙarshensa. Yaushe za ta fara?

Tela ta karanta sau uku, hawaye suka zo mata, ba ta kuma ɓoye su ba.

Da yamma Yaya ya yi sallama riƙe da jakar kwamfuta. Inna ce ta tare shi a bakin ƙofa.

"Mai da jakarka, an ɗauke mu aiki."

"Ku?"

Inna ba ta ko kalle shi ba. Ta goge tsagaggen gilashin da gefen zanenta, ta ajiye wayar kusa da kwamfutar.

"Duk abin da za ki aika wa mutumin nan," ta ce wa Tela, "ta nan zai fara bi."