Abincin Ɗan Fari

A shekarar da aka buɗe gidan abincin Amurkawa a hanyar filin jirgi, Maiwada ya cika shekara goma sha shida a Madina yana sauke jakunkunan alhazai, kuma rabonsa da mahaifiyarsa ke nan. Sai ga ta ta zo aikin hajji, Innayatu, 'yar tsohuwa mara jiki. Kwana takwas aka ba ayarinsu su cika salla arba'in a Masallacin Annabi, a na tara mota ta kwashe su zuwa Makka.

Shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kai loma baki yana wurin ba. A garinsu har misali ake yi da kunyarta. Masu yabon dai babu wanda ya taɓa tambayar yaron yadda abin yake a wajensa.

Kwana bakwai yana kai mata tuwo masauki, ta karɓa ta rufe, ta jira ya tafi. Sai ya yi dabara. A gidan Amurkawa, in ji shi a ransa, babu wanda ya san su, tebur ɗaya ne, abinci kuma ba a rufe shi. Sau ɗaya dai a duniya zai ci abinci tare da ita.

Bayan la'asar ya ɗauke ta a tasi, da 'yarsa Murja, haihuwar Madina, mai jin Hausa tana amsawa da Larabci. Aka kai su ɓangaren iyali, aka ja musu shingen katako mai 'yan huji. Sanyin na'ura ya sa tsohuwa ta ƙara jan mayafi. Wani ma'aikaci Bamisire mai ɗaure da nakatai ya jera faranti uku: nama mai kauri kamar tafin hannu, soyayyen dankali, da ganye ɗanye. Ya tuna musu ana rufe ƙofa da kiran magariba.

"Bismilla, Inna," in ji Maiwada.

Ta juya ga yarinyar. "Ke Balarabiyar ƙarya, wannan ciyawar fa? Akuya aka ce musu za a kawo?"

"Kuli ya sitti," in ji Murja tana dariya, wato "ci, kaka" da Larabci.

"Ba na jin kuli. Ƙuli-ƙuli na sani, shi ma haƙora sun ƙi."

Maiwada ya yanka mata naman ƙanana, ya tura gabanta. Ta ce an gode, Allah ya yi albarka, idonta a kan kwalbar gishiri. Ya ɗauki cokali, ya ajiye. Man naman ya fara daskarewa a gefen faranti. Hannayenta suna kan cinya, kuma ya san tun asuba ruwan zamzam kawai ta sha.

"Inna, nan ba gida ba ne. Babu mai gani."

"Ki ce wa ubanki na ƙoshi."

Ya dubi agogo. Saura minti ashirin. Ya ce bari ya wanke hannu, ya fita, ya tsaya bayan shingen.

Ta hujin katako ya ga ta saurari takunsa, sannan ta ture cokali mai yatsu, ta sa hannu. Ci take da sauri, irin na mai yunwa. Ta ce dankalin ba laifi, naman ne bai ji wuta ba, Amurkawan nan ko itace ke musu tsada. Can sai ta jawo farantinsa. Ya zaci ƙari za ta yi. Da farce ta bi gefen naman tana ɓare kitsen, tsaf, ta tara a nata.

"Ba ya cin kitse," ta ce wa Murja. "Tun yana rarrafe, in ya ci sai amai. Uwarki ta sani kuwa?"

Bamisiren ya zo wucewa da tire, ya tambaye shi ko wani abu ya ɓace. Maiwada ya girgiza kai. Yana nan tsaye har aka kira salla, aka fara jan ƙofar ƙarfe. Da ya koma ta goge hannu, ta mayar da shi cinya. Aka naɗe masa nasa a takarda.

Washegari ya ɗauki Murja, ya bi motar ayarin har Bi'ir Ali, inda alhazai ke ɗaukar harami. Ta leƙo ta taga, yana tsaye dab da ita, ta ce, "Murja, ki ce masa ya riƙa cin abinci. Ya rame."

Bai ƙara ganinta ba. A ranar, da ya koma wurin aiki, ya zauna a inuwar motar kaya ya buɗe takardar. Naman ya yi sanyi, ga sawun farcenta a gefe. Ya cinye shi duka.