'Ya'yan Kifin Mai-Agogo

Duba-gari ya riga ya kwance murfin kwalbar kananzir, har ya karkata ta a kan bahon, sai hannunsa ya tsaya cak. Abubuwan nan da ke cikin ruwan ba sa motsi yadda ya sani. Shekara talatin da biyu ya yi yana leƙa durom-durom da kwatocin mutane kafin ya yi ritaya, tsutsar sauro kam ko daga barci aka tashe shi zai gane ta. Ita a rataye take, kai ƙasa, da an taɓa ruwan sai ta nannaɗe ta nutse. Waɗannan kuwa a miƙe suke, sirara kamar gashin ido, su zabura gaba su tsaya.

"Kawu!" 'Yar Mai-agogo ce ta leƙo ta taga. "Baba na kira. Wai ya ji takunka."

Kwana goma ke nan yana tsoron wannan kiran.

Mai-agogo maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma tun ranar da mutumin ya gina ɗan tafkin siminti a lambun bayan gida ya zuba jajayen kifaye biyar suke faɗa. Duba-gari ya ce gidan sauro ne, Mai-agogo ya ce kifi ai sauro yake ci. Shekara tara ana abu ɗaya, da yamma kuma a zauna benci ɗaya. Burin Mai-agogo guda ne, ya ga kifayen sun hayayyafa, amma shiru. Da ciwo ya kwantar da shi, likita ya ce a mayar da shi gida kawai a riƙa lallaɓawa, wa zai damƙa wa tafkin? Abokin faɗan nasa.

To, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ƙazanta ne aka haɗa da koren ruwa. Kwana biyu ya iya daurewa. A na uku ya naɗe hannun riga, ya tsame ciyawar ruwan ya jibga a tsohon baho da ɗan ruwanta, ya kwashe kifayen a bokiti, ya dirje simintin nan tas da burushi, ya cika shi da ruwan famfo garai-garai, ya mayar da su ciki. Har yana murmushi, wai zai ba maƙwabci mamaki. Kafin gari ya waye duka biyar sun juya ciki sama. Maganin da ke cikin ruwan famfo ya gama da su.

Ya binne su a gindin lemo, ya roƙi yarinyar ta rufa masa asiri. Tun daga ranar, in mara lafiya ya ce, "Ya mutanena?" sai ya ce, "Lafiya lau, sai ci." Ƙaryar nan ta hana shi sakat. Tsoronsa ɗaya, kada mutumin ya tafi da ita.

Ya rufe kananzir ɗin. Ya ɗauko wata kwalbar da babu komai, ya ɗebi ruwan bahon a hankali, ya shiga.

Ɗakin na warin man zafi. Agoguna bakwai ne a bango, shida sun tsaya don babu mai ɗaura su. Mai-agogo na jingine da filo biyu, ya zama ƙashi da fata, amma bakin na nan.

"Sarkin tsafta, yau me ka kamo? Sammaci ka kawo mini?"

Duba-gari ya zauna a bakin gado. Maganar da ya kwana goma yana shiryawa ta watse, sai kawai ya ce, "Na kashe maka kifi. Duka. Wanke tafkin na yi."

"Na sani."

"Ita ta faɗa maka?"

"Wallahi ban faɗa ba, Kawu," in ji yarinyar daga bakin ƙofa.

"Kunnen da ke gane agogon da ke latti daga cikin aljihu za a ɓoye wa?" Mai-agogo ya tsaya ya ja numfashi. "Kullum da safe ina jin su suna fantsama ruwa. Na daina ji. Jira nake in ga ranar da za ka gaji da ƙarya. Ka yi ƙoƙari, ban zaci za ka kai kwana uku ba."

"Ka yafe mini."

"Zan duba. Mene ne a kwalbar?"

"Shi ne ban sani ba. A bahon da na zuba ciyawar na gan su. Saura ƙiris in zuba musu kananzir."

"Uwata, miƙo mini madubina."

Yarinyar ta buɗe durowa ta ciro ɗan baƙin madubin nan da yake maƙalawa a ido in zai buɗe cikin agogo. Ita ta riƙe masa a ido, Duba-gari ya ɗaga kwalbar saitin hasken taga. Mai-agogo ya ƙura wa ruwan ido.

Can sai kafaɗun tsohon suka fara girgiza. Duba-gari ya tsorata, ya zaci numfashin ne. Ashe dariya ce.

"Ido biyu," in ji Mai-agogo. "Kowanne da ɗigo biyu baƙaƙe. Ga wutsiya. Kai, Duba-gari! Ka taɓa ganin sauro da wutsiyar kifi?"

"Kana nufin..."

"Ƙwai suka zuba a jikin ciyawar. Ashe duk shekara suna yi, iyayen ke bi suna cinyewa, ni ina zaune ina jira. Sai da sakarai ya zo ya raba su." Hawaye ya gangaro ta gefen madubin. "Shekara tara!"

Duba-gari ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ƙirji. Bai san lokacin da shi ma ya fara sharar ido da hannun riga ba.

"Bar kukan nan ka saurara, ba ni da numfashin maimaitawa. Ka dafa ƙwan kaza, ka lakato kwanduwar da kan ashana, ka dama da ruwa. Ɗigo biyu, safe da yamma. In ka cika musu, ruwan zai ruɓe. Ka ja bahon inuwa. In ruwa ya ragu, ka tari na famfo ya kwana biyu a buɗe kafin ka ƙara. Ba za su yi ja ba sai nan gaba, kada ka ga sun yi duhu ka ce ba nawa ba ne. Sannan..." ya ɗaga yatsa, "koren nan abincinsu ne. In ka sake wanke wani abu a gidan nan, ban yafe ba."

"In ban wanke ba fa?"

"To na yafe. Tashi ka mayar da su, kwalba ta yi musu zafi."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Yarinyar ta ce cikin sauƙi ya tafi, kwalbar da aka dawo masa da ita babu komai a ciki tana kan durowa inda zai riƙa ganinta, don ya hana a ɗauke. Duba-gari ya yi kuka sosai, amma kuka ne na rashin aboki kawai, babu wani abu a ƙarƙashinsa.

Da mutane suka ragu, bayan kwana huɗu, yarinyar ta same shi a lambu ta miƙa masa madubin. "Ya ce a ba ka, Kawu. Wai idonka bai iya bambance baƙo da ɓarawo ba."

Ya jawo kujera inuwar lemo, ya maƙala madubin a ido. Sau biyu madubin na faɗowa kafin ya zauna daram. Ya ɗiga ruwan kwanduwa, ɗigo biyu, ya sunkuya. Gansakuka ta fara kama gefen bahon, kore shar, burushin kuma na nan jingine da katanga, ko tashi ba sai ya yi ba. Ya dube shi, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. Daga cikin ciyawar, ƙananan idanu suka fara fitowa bibbiyu.