Cokalin Ya Zainaba

Sistar asibiti ta rataya Salomi a sikeli, yarinyar tana wutsil-wutsil tana tsala ihu. Ta jira allurar sikelin ta tsaya, ta ɗiga biro a kati, sannan ta ɗaga katin sama ta juya wajen matan da ke zaune a benci.

"Ku dubi nan! Wata huɗu da suka wuce, bayan ƙyanda, yarinyar nan ƙashi da fata ce. Yau ga ta. Madam Phoebe, tashi ki gaya musu abin da kike ba ta."

Phoebe ta miƙe tana gyara ɗankwali. Ita da take buga tafireta a sakatariya ba ta kallon yatsunta, yau kalma ɗaya ta gagare ta.

"Kunu," ta ce da ƙyar.

"Kunun me?"

"Na... gero."

Wata mata a baya ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Phoebe ta karɓi 'yarta da katin, ta fice.

Gaskiyar ita ce ba ta sani ba. Tun da aka mayar da mijinta koyarwa Biu, kullum da safe take kai Salomi unguwar Gwange, gidan Ya Zainaba, wata dattijuwar Babarbariya da ke riƙe wa ma'aikata yara har a tashi aiki. A can yarinyar ta yi kumatu. A gida kuwa, sai dai a yi dambe.

A gindin dalbejiyar ƙofar asibiti ta zauna, ta buɗe fulas. Abincin gwangwani ne na yara, wanda ta yi layin rabin yini kafin ta samu. Ta ɗebo a cokali.

"Haɗiye, 'yar Mama. Ɗaya kawai."

Salomi ta datse baki, ta kau da kai. "Ya," ta ce. "Ya Zaina."

Phoebe ta ji kamar an ɗora mata garwashi a ƙirji. Ita ta yi naƙudar kwana biyu. Ita ta yi sati uku a kan tabarmar asibiti tana addu'a lokacin ƙyandar. Amma sunan da ke bakin yarinyar na wata ne. Ta rufe fulas da ƙarfi. Akwai sabuwar makarantar rainon yara kusa da cocinsu, mai kujeru da allo. Yau za ta gaya wa tsohuwar nan an gode, ya isa haka.

Tasi ta sauke su a bakin lungu. Tun daga zaure Salomi ta zame daga hannunta, ta ruga ta faɗa jikin Ya Zainaba, wadda ke zaune a rumfar zana da yara huɗu kewaye da ƙwarya.

"Wushe, sannu da zuwa, Maman Salomi! Yaya sikeli?"

"Ta ƙaru," in ji Phoebe, ba ta zauna ba. "Ya Zainaba, me kike zuba mata a kunun nan ne?"

Tsohuwar ta ɗago ta dube ta. Sannan ta jawo kwanon sha ta buɗe.

"Ga shi. Gero, gyaɗa, wake an soya an niƙa. Da garin busasshen kifin Baga, kaɗan. Tsamiya don ɗanɗano. Wata ma'aikaciyar lafiya ta koya mana bara, mu masu riƙon yara. Ta ce kunu tsararo cika ciki kawai yake yi. Na aika miki da garin a leda tun watan jiya, ba ki dama ba?"

Phoebe ta sunkuyar da kai. Ledar tana bayan kabad, ko kwance ta ba ta yi ba.

"Ko na dama ba za ta sha ba. Ba ta cin komai a hannuna."

"A hannuna ma ba ta ci."

"Kamar yaya?"

"Zauna, 'yata, ki gani."

Ya Zainaba ta ɗebi kunu ta miƙa wa Salomi. Yarinyar ta kau da kai, daidai yadda take yi a gida. Tsohuwar ba ta lallashe ta ba. Sai ta juya cokalin wajen wani ɗan dukurkur mai suna Nasidi.

"To, Nasidi, shanye na Salomi."

"Nawa ne!" Salomi ta ture shi, ta wangale baki.

Ya Zainaba ta zuba mata, ta yi dariya har haƙoranta masu jan goro suka bayyana. "Sati biyu na yi ina fama kafin na gane ta. Kishi ne da 'yarki kamar me. Ban san inda ta gado shi ba."

Ta miƙa wa Phoebe cokalin ba tare da ta dube ta ba.

Phoebe ta duba agogo. Sha ɗaya ta wuce, izinin awa biyu kawai ta ɗauka a ofis. Ta ajiye jaka, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa a tabarma da siket ɗin aikinta. Ta ɗebi kunun.

"Nasidi," ta ce, "zo, yarona."

Salomi ta saki zanen Ya Zainaba, ta taho da gudu.