Ranar Kwashe Kaya

Auta ce ta ajiye littafin a kan keken ɗinki, ta ce, "Mama, ki karanta, ina son jin ra'ayinki."

Mama ba yarinya ba ce, ta san ba littafin ake tambaya ba. Auta tana aiki a wani kamfanin inshora, kuma kwanan nan sunan shugaban sashensu ya zame mata gishiri, kowace magana sai ta barbaɗa shi. Dokar kamfanin kuwa ba ta da kwana: mata da miji ba sa aiki a can tare, dole ɗaya ya ajiye.

Mama ta buɗe littafin da niyyar kushe shi, sai ya kama ta. Labarin wata ma'aikaciya ne da shugabanta, mai dawo mata da takarda saboda gyaran da bai taka kara ya karya ba, don dai ya sami dalilin tsayuwa gaban teburinta. Mama ta yi dariya har tabarau ya zame mata, saboda haka nan Baban Auta ya riƙa yi mata lokacin tana mai buga tafireta a ofishinsu. Marubuciyar ta san soyayya, wannan kam ba a ƙwace mata ba.

Dab da ƙarshe ne ranta ya ɓaci. A layi ɗaya aka ce yarinyar ta kwashe kayanta daga ofis tana murmushi. Daga nan sai shafuka kan sabon gida, har launin labule an faɗa.

Ita Mama ba ta manta ranar kwashe kayanta ba. Ta tuna yadda ta rufe tafiretar da murfinta, da yadda wadda ta gaje ta ta fara gyara tsawon kujerar tun ba ta kai ƙofa ba. A kan matakala ta tsaya ta yi kukanta, sannan ta share ido ta fita, don ango yana jira a waje.

Da yamma Auta ta zo ta zauna a bakin gado. Daga falo ana jin munsharin Baba, rediyo yana ta magana shi kaɗai.

"Kin gama?"

"Na gama. Ya yi daɗi, har ya mayar da ni yarinya. Amma ta ha'inci yarinyar nan a ƙarshe."

"Ai ta auri wanda take so."

"Ni ma na aura. Ban taɓa da-na-sanin mahaifinki ba, Allah ne shaida. Sai dai ba wanda ya tambaye ni ko ina son aikina, har shi. Ni ma ban san ana tambaya ba." Ta miƙa mata littafin. "Shi naki, ya taɓa cewa shi zai ajiye?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ba mu taɓa maganar ba."

"To ku yi ta, tun kujerar tana taki."

Idon Auta ya sauka kan hannun uwarta. Tun tana ƙarama take ganin yatsun nan suna ƙwanƙwasa gwiwa duk sa'ad da Mama ta zauna ba aiki, har yayyenta suna tsokanar tsohuwa wai kiɗa take koya. Yau ta lura da kyau. In yatsun sun yi tafiya sun kai wani wuri, sai hannun hagu ya ɗaga, ya tura iska gefe kamar mai tura kan tafireta, a soma sabon layi.